Likita Baikie (1825–1864) da Ma'aikatan Jirgin Tururi a Kogin Kwara

GABATARWA

Idan ana zancen Turawan da suka yi wa harshen Hausa aiki a ƙarni na 19, sunayen da suka fi zuwa bakin ɗalibai su ne Barth da Schön da Robinson. Ba safai ake tunawa da William Balfour Baikie ba, alhali kuwa ya zauna a bakin Kwara kimanin shekara 7, ya yi fassara da Hausa, har ya taka Zariya da Kano shekara 40 kafin sojojin Gwamna Lugga su iso. Shi dai Baikie likitan jirgin ruwa ne, kuma tarihinsa ba ya rabuwa da tarihin jirgin da ke tafiya da tururi, watau sitima. Saboda haka wannan maƙala za ta bi rayuwarsa tun daga haihuwa har rasuwa, tana kuma duban mutanen da suka yi masa aiki a cikin jirgi, domin da guminsu ne sunansa ya ɗaukaka.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Baikie a watan Agusta na shekarar 1825 a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney da ke arewa da Sikotilan. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar sojan ruwa ta Ingila, mutanen tsibiran kuwa masunta ne da matuƙan jiragen ruwa, don haka tun yana yaro idonsa ya saba da teku. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, sa'an nan a shekarar 1848 ya shiga rundunar sojan ruwa a matsayin ƙaramin likita. Ya yi aiki a jirage dabam-dabam, daga bisani aka ajiye shi a asibitin sojan ruwa na Haslar daga 1851 zuwa 1854. Ban da aikin likita, mutum ne mai sha'awar nazarin tsuntsaye da dabbobi da tsirrai, kuma wannan sha'awa ce ta sa aka zaɓe shi a 1854 ya bi ayarin da gwamnatin Ingila ta shirya aikawa Kwara da Binuwai. Da farko ba shi ne shugaban ayarin ba. An ɗauke shi ne ya duba marasa lafiya, ya kuma tattara samfurin halittu.

KOGIN DA YA CINYE MUTANE

Kafin Baikie, sau biyu manyan ayarin jiragen tururi suna shiga Kwara, kuma sau biyun suna fitowa da makoki. Na farko shi ne na shekarar 1832, wanda ɗan kasuwa Macgregor Laird ya shirya tare da Richard Lander. Jirage biyu suka shiga kogin: ɗaya sunansa Quorra, watau Kwara, ɗayan kuwa Alburkah, sunan da aka aro daga kalmar albarka ta Hausa. Albarkar ba ta samu ba, domin cikin Turawa 48 da suka fito, 9 kaɗai suka koma gida. Na biyu shi ne na 1841, mai jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, wanda a cikinsa ne James Frederick Schön da Samuel Ajayi Crowther suka yi tafiya. Nan ma zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan, fiye da 40 suka mutu.

Abin lura a nan shi ne yadda cuta ke kashe jirgi tun kafin ta gama kashe mutanensa. Kwale-kwale idan matuƙi ɗaya ya kwanta wani sai ya karɓi filafili. Jirgin tururi kuwa idan injiniya ya kwanta babu mai tayar da inji, idan kyaftin da mataimakansa suka kwanta babu mai sanin hanya. A tafiyar 1841 sai da ta kai ga jirgin Albert ya gangaro da likita yana tuƙi, wani masanin duwatsu kuma yana lallaɓa inji da taimakon littafi. Bayan wannan masifa gwamnatin Ingila ta yi shekara fiye da 10 ba ta sake aika jirgi cikin kogin ba. Abin da ya sake motsa ta shi ne labarin da Barth ya aiko cewa ya ƙetare Binuwai kusa da Yola a 1851, kuma yana ganin kogin shi ne wanda ya haɗu da Kwara.

JIRAGEN GAƁAR TEKU DA MA'AIKATANSU

A shekarar 1852 Laird ya kafa kamfanin jiragen tururi masu ɗaukar wasiƙu da fasinja da kaya tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Jiragen sukan tsaya a Saliyo da Kef Kwas da Ankara da Ikko da Kalaba, su ƙare a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. A ɗaya daga cikinsu, mai suna Forerunner, Baikie ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Afirka a 1854. Ya kamata a bayyana yadda aiki yake a irin waɗannan jirage, domin a kan tsarinsu aka gina na kogi.

Jirgin tururi na wancan zamani tamkar ƙaramin gari yake, kowa da matsayinsa, kowa kuma ya san na gaba da shi. A sama akwai kyaftin, wanda maganarsa ita ce doka muddin jirgi yana bisa ruwa. Ƙarƙashinsa akwai mataimaka biyu ko uku masu karɓa-karɓar tsaro, galibi awa 4 kowanne, dare da rana. Babbansu shi ke lura da lodin kaya da horon ma'aikata. Akwai mai riƙe da sitiyari, da shugaban ma'aikatan bisa wanda ke kula da igiyoyi da anka da manyan ƙyallayen da iska ke turawa, domin jiragen lokacin suna haɗa tururi da iska don tsimin kwal. Akwai kafinta, da kuku, da boyi-boyi masu hidimar fasinja, da akawu mai riƙe da lissafin kaya da kuɗi, sa'an nan da likita.

A ƙasa kuwa, inda fasinja ba ya leƙawa, akwai wata duniya dabam. Babban injiniya shi ne sarki a wurin. Akwai masu zuba wa tukunya wuta, waɗanda aikinsu gwaninta ne, domin tilas su baza kwal daidai, su kwashe toka, su riƙe ƙarfin tururi kada ya faɗi kada kuma ya wuce kima. Akwai masu turo kwal daga rumbu zuwa bakin wuta, su ne mafi ƙasƙancin albashi da mafi shan ƙura. Akwai kuma masu bin inji da mai suna shafawa, suna taɓa ƙarafa da hannu don su ji wanda ya ɗau zafi. A yankin da rana ke da ƙuna irin namu, wannan ɗaki yakan zama kamar maƙera.

Da yake Turawa ba su jure aikin ƙarfi a wannan zafi, jirage sukan tsaya a Saliyo ko gaɓar Laberiya su ɗauki mutanen ƙabilar Kuru, waɗanda suka shahara wajen sanin teku. Sukan shigo ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta, shi ke karɓar umurni ya raba aiki, a kuma sallame su a garinsu idan jirgi ya juyo. A yawancin garuruwan gaɓar babu tashar da babban jirgi zai raɓa, sai ya tsaya can nesa, a sauke fasinja da kaya cikin ƙananan jiragen hannu a ratsa raƙuman ruwa da su. Fasinjan ma iri biyu ne: masu ɗaki, da masu kwana a fili bisa jirgi da tabarminsu da tukwanensu, yawanci ƙananan 'yan kasuwa da 'yantattun bayi na Saliyo masu komawa ƙasashen iyayensu. Wani abin takaici shi ne, a littafin jirgi sau da yawa ba a rubuta ma'aikatan Kuru da sunayensu na yanka, sai da laƙabin ba'a da Turawa suka raɗa musu. Wannan ya sa sunayen mafi yawansu suka ɓace wa tarihi.

TAFIYAR JIRGIN PLEIAD, 1854

Jirgin da aka ƙera don wannan tafiya sunansa Pleiad. Na ƙarfe ne, mai farfela, tsawonsa kimanin ƙafa 100, girmansa tan 260. Laird ya koyi darasi daga hasarar 1832, saboda haka ya rage yawan Turawa ƙwarai: su 12 ne kawai, 'yan Afirka kuwa 54. Wanda aka naɗa shugaba shi ne John Beecroft, wakilin Ingila a Fanando Po, mutumin da ya daɗe da sanin kogin. Amma da Baikie ya iso tsibirin sai ya tarar Beecroft ya rasu. Ga jirgi, ga kaya, ga damina ta kankama, kuma in aka yi jinkiri ruwa zai janye a rasa shekara guda. Baikie, yana ɗan shekara 28, bai taɓa shiga kogin Afirka ba, ya ɗauki shugabancin. Ya sami wani matashin hafsan ruwa, D. J. May, ya riƙe aikin auna kogi da zana taswira. Crowther ma yana cikin ayarin.

Sun shiga bakin kogi a watan Yuli. Tun daga ranar farko Baikie ya kafa dokar da ta bambanta tafiyarsa da na baya: kowane Bature zai sha kwinin kullum, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. An daɗe da sanin kwinin yana maganin zazzaɓi bayan ya kama mutum. Shan sa kullum don rigakafi kuwa shawara ce ta wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, kuma Baikie ne ya jarraba ta sosai a kogin da ya fi kowane suna wajen kisa. A lokacin babu wanda ya san sauro ne ke kawo cutar, domin wannan bai tabbata ba sai a 1897. Sun ɗauka mugun tururin fadama ne. Duk da haka maganin ya yi aiki.

Aikin kogi ya sha bamban da na teku. A teku abin tsoro shi ne iska da raƙuman ruwa, a kogi kuwa yashi ne. Don haka kullum akwai mutum tsaye a goshin jirgi riƙe da igiya mai darma a baki, yana jefawa yana ɗagowa, yana shelar zurfin ruwa, mai sitiyari yana bin muryarsa. Idan jirgi ya kafe a tudun yashi, sai a ɗauki anka a ƙaramin jirgi a kai ta wuri mai zurfi a jefa, ma'aikata su taru su yi ta ja har jirgin ya zame. Wani lokaci ma sai an sauke kaya don ya yi sauƙi. Irin wannan kafewa da jinkiri ne suka haddasa saɓani tsakanin Baikie da kyaftin ɗin jirgin, Thomas Taylor. A cikin watan Agusta, bayan sun shiga Binuwai, Baikie ya karɓe ragamar jirgin daga hannunsa, shi da May suka ci gaba da jagorancin tuƙi. Ba ƙaramin abu ba ne likita ya tuɓe kyaftin, amma da bai yi haka ba da tafiyar ta tsaya a nan.

Babbar wahala ita ce itace. Kwal ɗin da suka ɗauko ba zai kai su ko'ina ba, sai aka koma ƙona itace, tukunyar jirgi kuwa ba ta ƙoshi. Ma'aikatan Kuru da na Saliyo sukan wuni a daji suna sara da faskare da jido, a tsakiyar damina, itace jiƙe, ga ƙarancin gatura masu kyau. Sau da yawa saran yini guda ba ya wuce tafiyar 'yan awoyi. Ana cikin haka sai ciwo ya ɓulla a tsakaninsu, kasala da kumburi, saboda aiki ya yi yawa, abincinsu kuma kusan shinkafa ce zalla. Kwinin ya tsare Turawa 12, amma waɗanda suke ɗauke da jirgin a wuyansu rashin abinci mai gina jiki ya kusa kayar da su. Baikie ya gane haka, ya dage wajen nemo musu nama da sauran abinci a garuruwan da suka tsaya.

Akwai kuma wani ma'aikaci wanda ba ya taɓa igiya ko gatari, amma ba a iya tafiya sai da shi, watau tafinta. A ƙasar Ibo, Simon Jonas ne ya yi wannan aiki. A garin Abo kuma suka sami wani Bahaushe mai suna Aliheli, wanda ya taɓa bin Lander, ya shiga jirgin. Da suka hau Binuwai sai Baikie ya ga cewa kusan ko'ina suka tsaya, ko da mutanen garin Jukunawa ne ko Fulani ko wasu, ana samun mai jin Hausa. Da ita ake cinikin itace da abinci, da ita ake gaida sarakuna, da ita ake tambayar labarin Barth. Tun daga nan ya fahimci cewa wanda yake son hulɗa da ƙasashen ciki, Hausa ce mabuɗinsa.

A watan Satumba jirgin ya tsaya a Gurowa cikin ƙasar Muri, Baikie ya je ya gaida Sarkin Muri a Hamarruwa. Daga nan shi da May suka ƙara gaba a ƙaramin jirgin hannu har wani ƙauye mai suna Dulti, sa'an nan suka juyo. Ba su sadu da Barth ba, domin a lokacin yana kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu. Amma sun wuce inda kowane jirgin Turawa ya taɓa kaiwa a Binuwai da kimanin mil 250, suka koma Fanando Po a watan Nuwamba bayan kusan wata 4 a cikin kogi, ba tare da mutum ko ɗaya ya mutu ba, Bature ko baƙar fata. Baikie ya wallafa labarin tafiyar a 1856.

HATSARIN JABA DA ZAMAN LAKWAJA

A 1857 aka sake aiko shi da wani jirgi, Dayspring, wanda bai kai Pleiad girma ba. Tare da shi akwai Laftana John Glover, da masanin tsirrai Charles Barter, da Crowther, wanda a wannan tafiya ce aka kafa mishan a Onica. A watan Oktoba, suna ƙoƙarin ratsa wani mashigi mai ƙarfin ruwa kusa da Jaba, injin ya kasa, ruwa ya maka jirgin da dutse ya fashe. Babu wanda ya mutu a hatsarin, amma sun yi kimanin shekara guda a bukkoki a bakin kogi kafin jirgin Sunbeam ya zo a 1858. Daga baya, lokacin aikin hanyar jirgin ƙasa, an tsamo wasu ƙarafan Dayspring aka ajiye su a tashar Jaba. Shi kuwa Glover shi ne wanda a 1863 ya kafa ƙungiyar sojan Hausawa a Ikko, wadda ake ɗauka tushen sojan Nijeriya.

Baikie bai koma gida ba. Wajen 1860 ya kafa zango a mahaɗar Kwara da Binuwai, da yardar Etsu Masaba na Nufe, wurin da ya zama Lakwaja. Ya zauna nan cikin 'yantattun bayi da fatake, yana sa tufafi irin na ƙasar, shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malami. Ya buɗe kasuwa, fatake kuma suka yi ta zuwa daga Nufe da ƙasar Hausa. Jirgi ba ya iso shi sai lokacin cikar kogi, wani lokaci ma ba ya zuwa, musamman bayan mutuwar Laird a 1861, don haka ya sha rashin magani da kayan ciniki. A wannan kaɗaici ne ya duƙufa kan harsuna. Ya tattara kalmomi na harsuna masu yawa, ya rubuta ɗan littafi kan Hausa da Fulatanci wanda aka buga a 1861, ya kuma fassara sassan Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa. Fassararsa ta Zabura ta fito a 1881, shekara 17 bayan mutuwarsa.

ZARIYA DA KANO, 1862

A shekarar 1862 ya tashi daga Bida bisa doki, ya biyo hanyar fatake ya iso Zariya, daga nan ya wuce Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Cikin abubuwan da suka kai shi akwai neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da ya ratsa Zariya da Bauci kafin a kashe shi a Wadai a 1856, da kuma neman a buɗe hanyar ciniki tsakanin birane da bakin kogi. Ya rubuta sunayen garuruwa da koguna da ya ratsa, ya kuma tattaro jerin sunayen sarakunan ƙasar Hausa daga bakin masana. An buga bayanin tafiyar a Landan a 1867, kuma har yanzu masu nazarin tarihin Zazzau da Kano suna amfani da shi.

RASUWARSA

A 1864 jirgin Investigator ya zo Lakwaja ya ɗauke shi don ya je gida hutu. Jikinsa ya riga ya gaji. Ya sauka a Saliyo don ya shirya takardunsa da abubuwan da ya tara, ciwo ya kama shi a can, ya rasu a ƙarshen wannan shekara yana ɗan shekara 39. A Saliyo aka binne shi, mutanen garinsu kuma suka yi masa abin tunawa a babbar majami'ar Kirkwall. A ƙasar Ibo har yau ana kiran Bature da kalmar beke, wadda masana da dama suke dangantawa da sunansa.

KAMMALAWA

Hukunci a kan Baikie yana da fuska biyu, kuma tilas a riƙe su duka. Shi kansa bai zo da yaƙi ba. Ya zauna ƙarƙashin izinin Etsu, ya shiga Zariya da Kano a matsayin baƙo, ya girmama harshen mutanen da ya tarar. Amma abin da ya tabbatar a 1854, cewa Bature zai iya shiga kogi da jirgin tururi ya fito da ransa, shi ne ya share hanya ga waɗanda suka biyo baya da wata manufa. Kamfanin Neja ya sami izinin mulki a 1886, ya ci Bida da yaƙi a 1897, kuma a Lakwajar da Baikie ya kafa Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900. Ƙarafan hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, a jiragen tururi aka hau da su Kwara har Baro, kuma a zamanin da ya biyo bayan wannan hanya ne unguwannin Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa a wajen ganuwar Zariya.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin mutum 66 da suka shiga kogi a jirgin Pleiad, 54 'yan Afirka ne, su suka sari itace, suka hura wuta, suka auna ruwa, suka ja jirgi daga yashi, suka yi tafinta. Sunayen kaɗan daga cikinsu, irin su Aliheli da Simon Jonas, sun tsira a littattafan Baikie da Crowther. Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa na bin waɗannan littattafai da takardun jirage don fito da tarihin tafintoci Hausawa na bakin Kwara, domin daga bakin irinsu ne Turawan farko suka ɗebi Hausar da suka rubuta da boko.